Tanki a sama, tanki a ƙasa, ko a ci gaba da durom da randa?

Ƙanwata ta kira ni ran Juma'a da daddare, sun kusa tarewa sabon gidansu can wajen Damba, kuɗin da sunka rage hannun mijinta ba su isa a yi komai da komai ba, tace Yaya don Allah ki gaya min gaskiya, mu ɗora tanki sama a ja famfo ko'ina cikin gida kamar yadda kowa ke yi, ko mu aje shi ƙasa, ko ko mu haƙura da durom ɗinmu tukuna. Munka yi ta magana har katinta ya ƙare ba mu gama ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta a natse, don na san ba ita kaɗai ke cikin wanga ruɗani ba a Gusau.

Ni dai ukun duka na zauna da su. Gidanmu na Ƙaura Namoda da durom da randa munka tashi. Da anka yi min aure na yi shekara huɗu a gidan haya nan Tudun Wada mai tanki a sama da shawa da masai na ja, yanzu kuma muna gidan kanmu, tankinmu na zaune bisa dakali a tsakar gida. Mu takwas ne, ni da mai gida da yara biyar da ƙanen mijina da ke karatu wurinmu, don haka duk lissafin da za ku gani na mutum takwas ne, kowa sai shi daidaita da gidanshi.

Duk wanda ke zaune garin nan ya san ruwanmu na famfo daga madatsar da ke kan gulbin Sakkwato yake fitowa, wadda ambaliya ta taɓa ɓallewa a 2006 manya ba su manta wahalar da anka sha ba, kuma da an shiga bazara wajen watan 3 da 4 gulbi ya ja baya, rijiyoyi su yi ƙasa sai ka ji guga na kankarar dutsi, 'yan ga-ruwa kuma su ƙara kuɗin jarka tunda su ma layi suke bi kafin su cika kura. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 masu bohol da ke tada janareto su ma sunka ƙara nasu. Wato ruwa a gidan mai ƙaramin ƙarfi kuɗin cefane ne, jarkar da ta zube a banza daidai take da kuɗin magi da tattasai na ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa mutum ɗaya na bukatar lita 50 zuwa 100 a rana kafin a ce ya wadata, lita 20 kuma ita ce ƙarshen ƙaranci, to gidaje nawa ne a Gada Biyu ko Unguwar Gwaza ke kai wa hamsin ɗin a watan 4?

Bari in fara da durom tunda shi kowa ya sani. Durom ɗaya lita 200 ne, jarka takwas kenan in mai lita 25 ce. Babban alherinshi wanda mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ruwan na gaban idonka. Da safe kin leƙa kin ga inda ya tsaya, da la'asar kin sake leƙawa, in yaro ya ɗebi fiye da ƙima nan take za a gane. Innarmu Allah shi jiƙanta ko ba ta fito ɗaki ba, daga ƙarar moɗa in ta bugi durom take sanin ruwa ya yi rabi, sai ka ji tace kai wane ne nan, a rage hannu gobe ma rana ce. Wanda ya sunkuya ya ɗebi ruwa da hannunshi ya ɗauki bokiti zuwa makewayi ba ya wasa da shi, nauyin da ya ji a kafaɗa ya ishe shi wa'azi. A haka mutum takwas durom ɗaya na kai su yini guda, ban da ranar wanki.

Amma durom na da aibu kuma ba ƙanana ba. Na farko tsabta. Bakinshi a buɗe, kowa na tsoma moɗa, moɗar nan an aje ta ƙasa kaji sun bi ta kai, yaro ya fito bayi bai wanke hannu da sabulu ba ya zo ya zura har gwiwar hannu don ruwa ya yi ƙasa. Ruwan na iya zuwa da tsabta daga bohol, a cikin gida yake lalacewa, kuma ta wagga hanya amai da gudawa ke bin gida gida, wanda ya ga abin da cutar ta yi a Zamfara a daminar 2021 ba ya son a maimaita. Na biyu sauro, in babu murfi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya ƙyanƙyashe a ciki, sai ki ga 'yan tsutsotsin nan na wutsil wutsil. Na ukku, na ƙarfe shina tsatsa, shuɗin na roba kuwa da ake saidawa kwance a kasuwa wasu sinadarai ne ko maganin feshi anka kawo a ciki, wanki ɗaya da omo ba ya fidda shi, in ba ki san abin da ya taɓa ɗauka ba kar ki sha ruwanshi kar ki yi girki da shi. Sai kuma ƙanƙanta, in mai kura bai zo ba yini ɗaya gida ya tsaya cik.

Randa ba na sa ta cikin gasar, ita aikinta daban. Ko wane tanki kika saya ki bar randar ƙasa ta ruwan sha, a ɗora ta kan yashi mai laima cikin inuwa, a rufe da faifai ko murfi, moɗarta mai dogon hannu a rataye ta a ƙusa ba mai ɗauka ya kai bayi. Sanyin da take bayarwa a watan 4 ba ruwanshi da an kawo wuta ko an ɗauke.

To tanki a sama. Ba zan ɓoye ba akwai daɗi, musamman ga mace mai ciki ko mai jego ko gidan da ke da tsoho wanda ɗaukar bokiti ke ba shi wahala, ka murɗa kawai ruwa ya zo, kuma ta fannin tsabta ya fi durom nesa tunda ba mai sa hannu ciki. Amma a shekara huɗun da na yi da shi na ga yadda yake shanye ruwa ba a ji ba a gani. Tankin gidan lita 2000 ne, a lissafin durom ya kamata ya kai mu kwana goma, wallahi kwana huɗu yake yi wani lokaci ukku da rabi, kuma lokacin ma ba mu kai takwas ba.

Sai da na zauna na bi diddigi kafin na gane inda yake tafiya. Masai na ja irin na da, ja ɗaya lita 9 ne ko fiye, in mutum takwas kowa ya ja sau ukku a rana lita 216 kenan, ya fi durom guda, ruwa mai kyau wanda anka saya da kuɗi ya tafi sokawe kai tsaye, ga shi sokawen ma ta cika da wuri a nemo masu kwashewa a sake biya. Shawa kuma wajen lita 10 take zubarwa a minti ɗaya, wanda ya tsaya minti biyar ya kashe lita 50, alhali da bokiti lita 12 zuwa 15 mutum ya yi wanka tas har ya rage na wanke ƙafa. Wanke wanke a bakin famfo a buɗe, goge baki famfo na zuba, alwala famfo na zuba tun daga wanke hannu har ƙafa, ga shi ya tabbata a hadisi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, mudun nan kuwa cikin tafi biyu ne bai kai lita guda ba, ko buta bai cika ba.

Akwai wata ɓarna da sai mai zama garin zafi ya san ta. Tanki na can sama rana na dukanshi, bututun ma a rana, da azahar in ka buɗe ruwan kamar an dafa shi, to sai kowa ya buɗe ya bar shi ya zuba wai har mai sanyi ya zo, ba kuwa zai zo ba tunda duka tankin ne ya ɗau zafi. Ga ɗigo, famfon da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa shina zubar da fiye da lita 20 a kwana guda, kusan jarka, a wata jarka ashirin da wani abu, kuma gida mai famfo bakwai da wuya a rasa biyu masu ɗiga don robar ciki ba ta daɗewa. Mafi muni yoyon da ke cikin bango ko ƙarƙashin tayil, ba ka ganinshi sai fenti ya fara kumbura. Namu mun fi wata biyar muna zargin yara ashe bututu ne ya tsage bayan kicin, mai gyaran da ya haɗa shi tun farko bai sa gam da kyau ba.

Sannan kuɗin kafawa ba kuɗin tanki kaɗai ba ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 2000 in ya cika tan biyu kenan a saman kanku, ƙarfen da zai riƙe shi ba wurin neman arha ba ne, sai mai walda wanda ya san aikinshi da ƙarfe mai kauri da gindin kankare, wani lokaci kuɗin ƙafar ma ya fi na tankin. Sai injin tura ruwa sama, sai wuta ko mai ko sola da za ta tada injin, in babu ko ɗaya ga ruwa a ƙasa ga tanki a sama fanko. Mai kura ba zai iya hawa ya juye miki jarka a can ba. In an samu wuta an kunna kuma aka manta, sai dai maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa yace tankinku na ambaliya, ruwa na bin lungu.

Ba ina cewa kar kowa ya ɗora ba. In gidan na da bohol nashi da sola, ko famfon layinku na zuwa da ƙarfi a kai a kai, ko akwai mara lafiya, to ɗora, amma a yi shi da sharaɗi. A sa abin nan mai ƙwallo da ke rufe ruwa da kanshi in tanki ya cika, kuɗinshi kaɗan ne. A sa makulli a gindin tanki da wani a kowane bayi don in wuri ɗaya ya lalace ba sai an zubar da duka ba. A sayi masai mai maɓalli biyu, ƙaramin lita 3 babban lita 6, in kuwa tsohon ne ke akwai a cika gorar roba ta lita ɗaya da rabi da ruwa a rufe a kwantar cikin tukunyar bayan, kowane ja ya ragu da wannan. In kina zargin masai na yoyo a ɓoye zuba ɗan ruwan soɓorodo cikin tukunyar ki bar shi minti goma sha biyar ba a ja ba, in kin ga jan soɓorodon ya sauko cikin masai to robar ta mutu a canza. Tankin kuma ki sa alama inda ruwa ya tsaya da dare bayan kowa ya kwanta, da asuba kafin a taɓa famfo a duba, in ya sauka akwai inda yake tsiyaya.

Yanzu wanda ni na zaɓa, kuma shi na gaya wa ƙanwata. Tanki dai irin wancan na roba, baƙi don haske kar ya shiga gansakuka ta fito, amma a ƙasa bisa dakalin bulo da siminti wanda tsayinshi ya kai bokiti da jarka su shiga ƙarƙashin famfo, kamar bulo ukku ko huɗu. Saman dakalin ya zama a shafe sumul kuma ya fi gindin tankin faɗi, in ko akwai tsakuwa ko gefe na lilo nauyi zai tsaga shi wata rana. Famfo ɗaya tak. A yi mishi rumfa ko a aje shi inda inuwar ɗaki ke faɗawa da rana, ruwan ba ya zafi robar ma ta fi daɗewa.

Abin da ya sa na fi son shi, ya ɗauko tsabtar tankin sama ya haɗa da tsimin durom. Ba mai tsoma hannu, sauro ba ya shiga in murfi na rufe, amma duk mai son ruwa sai ya zo da bokitinshi ya tara ya ɗauka, ba ruwan da ke gudu cikin bango ba ka sani ba. Famfo ɗaya in ya fara ɗiga a tsakar gida yake kowa na gani, ran nan za a gyara. Mai kura na iya taka dakali ya juye, in an kawo ruwan famfo ko da tsakar dare ne ko ba ƙarfi tiyo kawai za ki sa ya hau tunda ba nisa, ba inji ba mai. Lita 2000 ɗin nan da ke mana kwana huɗu a Tudun Wada yanzu tana kai mu kwana tara har goma, mutanen sun ma ƙaru. A ce jarka naira 100 ce don lissafi ya yi sauƙi, gidan da ke shan lita 500 a rana jarka 20 kenan naira 2000, mai shan 200 jarka 8 naira 800, bambancin a wata naira 36,000, ku sa farashin unguwarku ku gani da kanku.

Wahalarshi ita ce ɗauka, ba zan ce babu ba. Ranar wanki ana jin jiki, kuma baƙo in ya zo sai an kai mishi ruwa bayi. Mu dai mun raba, kowane yaro da ya kai shekara goma shi ke ɗaukar na wankanshi, bayi kuma akwai ƙaramin baho mai murfi da ake zuba ruwan ɗaurayar wanki a ciki, da shi ake kora masai, ba mu taɓa kora shi da ruwan saye ba sai in babu. Ruwan wankin shinkafa da na ganye gindin zogale da lemun tsami yake zuwa, alwala a kan baho ake yi a yayyafa wa tsakar gida don ƙura. Sai dai irin wanga ruwa ba a barin shi ya kwana biyu, shina wari, mai omo da yawa kuma ba a zuba wa shuka.

Inda tankin ƙasa ya yi wa sauran fintinkau shi ne damina, don tankin da ke sama da rufi ba yadda za a yi ruwan indararo ya hau shi. Lissafin mai sauƙi ne, ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin kwano mai mita 10 tsawo 10 faɗi in anka yi ruwa mai kyau na milimita 20 ya tara lita 2000, a cire wanda ya fantsale da na farkon da za a zubar, kin samu wajen 1500 a dare ɗaya kyauta. Gusau kuwa na samun sama da milimita 800 a shekarar da damina ta yi kyau, rufin nan kaɗai lita 80,000 ke bi ta kanshi, jarka 3200, yawanci duk kwata yake tafiya ya je ya cika lungu ya rushe katangar wani. Mu daga watan 6 zuwa ƙarshen watan 9 da ƙyar muke kiran mai kura, a malka ta watan 8 har maƙwabta ke zuwa ɗiba. Abin da ake bukata kawai mai kwano ya yi miki doguwar indararo a bakin rufi da bututu zuwa tanki, a ɗaura raga ko ƙyalle mai tsabta a baki. Ruwan farko na shekara a bar shi ya wanke rufi gaba ɗaya, ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare duk suna kai, kowane ruwa kuma a bar na mintunan farko ya zube kafin a maida bututu. Don wanka da wanki ba kamar shi, sabulu kaɗan kumfa ya tashi. Na sha kam a tafasa ko a sa maganin ruwa na kulorin yadda anka rubuta a jikinshi, alif na kwantar da datti ne kawai ba ya kashe ƙwayar cuta, mutane da yawa na haɗa biyun nan.

Amma kar wani ya ruɗe ki cewa ruwan damina zai kai ki bazara. Wata bakwai ba ruwa, a lita 200 kullum lita 42,000 kenan, tankin roba 21. Wanda ke da hali yana iya gina na ƙarƙashin ƙasa da kankare, mai mita 3 da 2 da zurfin 2 shina ɗaukar lita 12,000, wata biyu kenan in an yi tsimi, sai a rufe shi a ƙi taɓawa har watan 3 lokacin da jarka ta fi tsada. Yana son magini na gaske don in ya tsage ba ki gani, ya yi nesa da sokawe sosai, murfinshi kuma mai nauyi da kwaɗo saboda yara, wannan ba abin sakaci ba ne ko na minti ɗaya.

Bohol ban tsaya kanshi ba don kuɗinshi wani aji ne daban. Abin da zan ce kawai ƙasar Gusau dutsi ne a ƙarƙashi, ba kamar Birnin Kebbi da Argungu ba inda yashi ke riƙe ruwa, nan ana iya haƙawa a kashe kuɗi a samu ɗan kaɗan ko a tashi a tutar babu, don haka a kira masu awo tukuna kafin a kira masu haƙa.

Ƙanwata ta sake kira jiya, tace sun tsaya kan tankin ƙasa na lita 2000, amma mijinta na son a binne bututu cikin bango tun yanzu kafin a yi filasta ko da nan gaba Allah ya hore su ɗora na sama. Nace wannan dabara ce mai kyau, a binne a toshe bakunan, fasa bango daga baya ya fi tsada, kawai a cika bututun da ruwa a bar shi kwana ɗaya a gani ko yana yoyo kafin a rufe da siminti. Durom ɗinta biyu kuma nace kar ta bayar, ta aje su gefen tanki inda ruwa ke fita in ya cika. Mai kwano zai zo ran Talata ya auna bakin rufi, nace ta tsaya kanshi ya karkata indararon ɗan kaɗan zuwa wajen tanki, namu da farko a miƙe anka yi shi ruwa ya riƙa kwanciya a tsakiya sai da anka kwance anka sake ɗaurawa.